Asabar ɗin Baba Ladan da Zakaran da Na Ƙirƙira

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Nima, nan Ankara babban birninmu na bakin teku, ya san ba a neman Baba Ladan Mumuni ranar Asabar. Da an sallame asuba zai nemi wanda zai riƙe masa kiran azahar da la'asar, ya rataya tsohuwar jakarsa, ya ɗauki buta da laima, ya naɗe ƙafar wando har ƙwauri, ya nufi bakin titi. Trotro zai shiga, ƙaramar bas ɗin haya. In met, mai karɓar kuɗin mota, ya ce masa, "Oluman," wato tsoho, "ina za ka sauka?" sai ya ce, "Inda motarku ta gaji." Can ɗin zai sauka ya kama wata, har sai gidaje sun ƙare ya ga ruwa ko itatuwa. Daga nan sai tafiyar ƙafa. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Ba suna, ba biki, ba gaisuwar mutuwa. Tafiya kawai!

Jiya wurin addu'ar kwana arba'in da rasuwarsa kowa ya faɗi alherinsa, ni kuwa na yi shiru, don abin da ke bakina ba na tsakiyar taro ba ne. Ni ne Salifu tela, mai shago kusa da famfo. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Manyanmu suna tune da shekarar da aka kusa ƙwace makullin masallaci daga hannun Baba Ladan, aka ce mai tsafi ba zai ƙara kira mana salla ba. Kun ji maganar, amma ba ku san bakin da ta fito ba. Bakina ne. Sai dai ku bari in fara da shi kansa mutumin, don yaran yanzu su san wanda na taɓa.

Baba Ladan a arewa aka haife shi, bakin kogin Volta, mahaifinsa yana ƙetarar da mutane a kwalekwale. Ya zo Ankara yana saurayi, rabo ya zaunar da shi a ɗakin da tagarsa ke kallon babbar kwatar nan da ta raba Nima da Maamobi. Wata Asabar matarsa, Mma Adiza mai koko, ta tare shi a ƙofa.

"Malam, in ruwa kake son gani, ga shi nan ƙarƙashin tagarka. Sai ka canja mota uku?"

Ya leƙa kwatar, ya ga leda da robobi da mushen kaza suna wucewa. Ya ce, "Adiza, wannan ba ruwa ba ne. Takardar laifinmu ce, ranar ƙiyama za a karanta mana ita."

Ta ce, "To ka dawo da wuri, kafin a zo kan sunanka."

Taurin kai kuwa, Allah Ya ba shi har ya yi yawa. Ɗansa Fuseini ya dawo daga Jamus da mota mai sanyi, ya ce yau shi zai kai Baba dajin Shai, inda duwatsu da namun daji suke. Baba ya ce bai san zancen ba.

"Baba, mota fa a ƙofa take!"

"To ka shige ta. Mu haɗu a bakin dajin."

Haka aka yi. Fuseini ya isa tun hantsi, ya sauke gilashi yana jira, ga waakye, wato shinkafa da wake, mai rai da lafiya da ya sayo musu a kujerar baya, har da ƙwai da taliya. Ya fita miƙe ƙafa ke nan sai wani gwaggon biri ya zira hannu ya ɗauke ledar, ya hau dutse ya zauna ya kwance ta kamar shi ya aika a sayo. Baba ya iso bayan awa biyu, ya sauko daga trotro yana karkaɗe riga, ya tarar da ɗan Jamus yana jifa da takalmi. Ya dubi birin, ya ɗan rusuna.

"Alhaji, an ci lafiya? Yaji ya ji?"

Sannan ya juya wurin ɗansa. "Ka ga amfanin gaggawa? Da tare muka taho, da yanzu abincinka yana kan cinyarka." Ya fito da garin rogonsa da sukari da gyaɗa, ya jiƙa a kofi, ya sha shi kaɗai. Labarin nan na ji shi daga bakinsa ya fi sau talatin, kuma kowane karo birin yana ƙara girma.

To, abin da ya haɗa ni da shi taga ce. Baba Ladan ba ya tsayawa kan kiran salla. In ya gama sai ya bi layi da laimarsa yana buga tagar masu nauyin barci, kuma da suna yake kira. Ni a lokacin ina cikin ƙarfina, ga aiki, ga son barci. Kullum sai na ji ƙwanƙwan-ƙwanƙwan.

"Salifu tela! An kira kowa, saura kai!"

Gidan haya ne, ɗaki goma sha ɗaya, kowa yana ji. Matata Ramatu takan rufe baki da zane tana dariya. Yaran gidan suka mayar da ita waƙa. Wata rana na ce masa, "Baba Ladan, don Allah ka riƙa bugawa a hankali." Ya ce, "Ai a hankalin nake bugawa. Ranar da na buga da ƙarfi za ka sani." Na haɗiye, amma abin yana cina.

Wata Asabar na kai wa wata mata ɗinkin biki can Bortianor, bayan unguwar Malam, wajen da kogin Densu ke shiga teku. Na gama, na ce bari in ratsa ta bakin ruwa in kama mota. Sai ga Baba Ladan! Na laɓe bayan wani kwalekwale da aka kife. Abin da na gani da idona, Allah ne shaida, shi ne wannan: yana tsugune a bakin ruwa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga ta miƙa masa baƙar leda, ya karɓa da hannu biyu. Kusa da su wani farin tsuntsu yana tsaye. Balbela ce. Na san balbela, ba a Turai aka haife ni ba.

Amma ku da kuka san Zango, unguwanninmu na baƙi 'yan arewa, kun san yadda muke. A wurinmu mutum ba ya zuwa bakin kogi shi kaɗai sai in wani ya ba shi abin da zai jefa a ruwa. Ba mu san a je a kalli ruwa a dawo ba. Da yamma na je bes ɗinmu, inda muke zama shan ataya, na jira aka zuba zagaye na biyu, sannan na yi ajiyar zuciya.

"Kai, duniya! Yau na ga abin da ya fi ƙarfin bakina."

Aka matso. Na faɗi ƙyallen, na faɗi tsohuwar, na faɗi ledar. Na ga ba su girgiza yadda nake so ba. Sai na ce, "Ga kuma farin zakara." Nan take wani ya ajiye kofinsa. Na ce kada a ce ni na faɗa, suka rantse, kuma wallahi sun riƙe amana ta wannan gefen. Ta ɗayan gefen kuwa, kafin Juma'a zakaran ya zama biyu, an yanka ɗaya, tsohuwar ta zama mace mai wutsiyar kifi. Wani direban tasi ya ƙara da cewa ya taɓa ganin Baba yana shiga dajin Achimota, inda masu coci ke zuwa addu'a da ƙarfi. Wannan gaskiya ne, yana zuwa, itatuwa yake bi. Amma aka haɗa aka ce da safe yana wurin aljanun ruwa, da yamma yana wurin fasto. Mutum ɗaya!

Dariya nake yi da farko. Sai na ga sahun asuba ya fara raguwa. Wasu suka koma masallacin gaba, suka ce ba su amsa kiran mai tsafi. Mata suka rage sayen kokon Mma Adiza. Rannan na wuce na gan ta zaune gaban tukunya cike, rana ta ɗaga, tana korar ƙuda. Ta ce, "Salifu, ina kwana? Ba ka sha yau?" Na ce azumi nake yi. Ƙarya ta biyu ke nan.

Kwamitin masallaci ya zauna bayan la'asar. Akwai Liman, mutumin arewa mai sanyin hali, akwai shugaban kwamiti Alhaji Seidu mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, wanda tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, akwai ni, don ni ne mai kula da tabarmi da labule. Alhaji Seidu ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce jama'a sun ce a karɓi makulli.

Baba Ladan ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a tsakiyar tabarma. Ya ce, "Ga shi. Ya kwana wurin Liman har Asabar. Ranar Asabar ku ukun nan ku bi ni inda nake zuwa. In kun ga zakara, ko gashinsa, makulli ya zama naku, ni kuma in bar layin. In ba ku gani ba, a ba ni kayana."

Alhaji Seidu ya ce, "Yoo, babu laifi. Sai mu tafi a motata."

"A'a, Alhaji. Aljanun ba su son motar gida. Trotro."

"Ni? Trotro? Rabona da trotro tun kafin in je Makka!"

"To ka ga har da ziyara za ka yi."

Ranar Asabar muka fita. Daga Nima zuwa tashar Sakul, daga Sakul zuwa Kaneshi. A Kaneshi met ya dubi Alhaji Seidu sama da ƙasa ya ce wannan kujera biyu ne. Alhaji ya ce a faɗa masa wane ne uban met ɗin. Aka dai tura shi baya, tsakanin wata mai kwandon busasshen kifi da wani mai wa'azin maganin basir. Babbar rigarsa fara, wadda ni na ɗinka, ta maƙale a ƙofa. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya ce, "Innalillahi!" Baba Ladan kuwa yana gaba kusa da direba, sun san juna, suna hirar ƙwallo. Da muka wuce unguwar Malam, Baba ya waiwayo ya ce, "Alhaji, ka ji ƙarar nan ta ƙasa? Irin kayan da kuke sayar musu ne." Motar duka ta kwashe da dariya, har mai maganin basir.

Ni ban yi dariya ba. Na san babu zakara, kuma na san tsohuwar nan tana can.

Mota ta uku ta ajiye mu inda kwalta ta ƙare. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin gidajen masunta, muka ɓulla. Jama'a, ni da na taɓa zuwa ban ga wurin ba sai ranar, don wancan karon laifin mutum na je nema. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Wasu itatuwa suna tsaye cikin ruwan, saiwoyinsu a waje kamar masu tattare riga. Can nesa ana jin teku, amma nan shiru. Ba janareta, ba hon, ba lasifikar biki. Liman ya tsaya ya sa yatsa a kunne yana girgizawa. Ya ce, "Ladan, kunnena ne ya toshe?" Baba ya ce, "A'a, Malam, yau ne ya buɗe."

Muka kama tafiya bakin ruwa. Baba a gaba, mai shekara kusan saba'in, yana taku kamar soja, yana nuna mana abubuwa da bakin laima. Ga zalɓe can, tun safe yake tsaye da ƙafa ɗaya, ya fi Salifu haƙurin sahu. Ga tsuntsun nan kirinjijiya. Ga ramin ƙaguwa, Alhaji a kula da takalmin Dubai. Sai ya tsaya wurin wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsattsagar laka, ya ɗaga musu hannu.

"Sannunku da hanya! Ya mutanen can?"

Liman ya ce, "Su wa kake gaisarwa?"

"Baƙi ne, Malam. Daga ƙasashen sanyi suke zuwa duk shekara, su yi wata biyar su koma. Ba fasfo, ba dangi, sun sauka inda suka ga abinci. 'Yan Zango ne irinmu. In ban gaishe su ba wa zai gaishe su?"

Alhaji Seidu a lokacin yana can baya, taku hamsin tsakaninmu, ya tuɓe hula, yana huci kamar tsohuwar tipa a kan tudu. Yana kira, "Ladan! Wurin tsafin da nisa? A kawo shi kusa mana!"

Sai ga tsohuwar. Ta fito daga ruwa da kwando a ka, ita da wasu mata. Anti Dede ake ce mata, sana'arta tsintar kawa, naman ruwan nan mai ɓawo da ke manne a saiwoyi. Ta ga Baba ta washe baki. Ya shimfiɗa farin ƙyallensa, ashe na sallarsa ne da cin abinci. Ta miƙo baƙar leda. Ya buɗe gaban Liman: kawa ce soyayya da yaji. Shi kuma ya ciro ƙullin ƙosai na Mma Adiza ya ba ta. Shekara da shekaru haka suke musaya. Liman ya ɗanɗana ɗaya, ya ƙara ɗaya, ya ce, "In wannan ne tsafin, a ƙaro."

Ina murna an wuce wurin, sai Anti Dede ta kafe ni da ido. Ta nuna ni da yatsa ta yi magana da harshen Ga. Ni a Ankara aka haife ni, ina jin Ga sarai. Cewa ta yi, "Wannan ba shi ne ya ɓuya bayan kwalekwalena rannan yana leƙenmu ba? Mai igiyar awo a wuya?"

Liman ba ya jin Ga. Alhaji Seidu yana ji, amma bai iso ba, yana can yana fama da numfashi. Liman ya ce, "Me take cewa?"

Baba Ladan bai ko dube ni ba. Ya ce, "Tambaya take ko wannan ne telan layinmu. Ta ga alama a wuyansa." Ya juya ya ce mata da Ga, "Anti, bar shi. Yaro ne, yana koyon kallon ruwa." Yaro! Ina da shekara arba'in da biyar da 'ya'ya huɗu.

Ban san yadda na ƙarasa tafiyar ba. Muka kai wani tudun yashi mai inuwa, rana ta karkata. Alhaji Seidu ya iso ya zube kamar buhun masara. Baba ya dubi inuwar laimarsa ya ce azahar ta yi. Muka yi alwala. Sai ya hau tudun, ya fuskanci gabas, ya sa hannu a kunne.

Ku da kuka san muryarsa ta cikin lasifikar masallacinmu mai ƙarar gwangwani, wallahi ba ku san muryarsa ba. Ta bi kan ruwan nan ta tafi, ta tafi, har tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka yi fari a sama. Bai yanke numfashi a tsakiya ba ko sau ɗaya, mutumin da ya gama tafiyar da ta kayar da mu. Kafin ya gama sai ga wani kwalekwale ya juyo. Masunta uku ne Musulmi, sun ce duk Asabar suna sauraron kiran nan, shi ne agogonsu. Muka yi sahu mu bakwai a kan yashi, matan kawa suka yi shiru har muka sallame.

Sannan Liman ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin. Ashe ya taho da shi.

"Ladan, karɓi kayanka. Mu ne ya kamata a bincika."

Alhaji Seidu ya ɗago kai daga kwance. "Tsaya, Malam. Ba mu duba bayan itatuwan can ba."

Baba ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Tafiyar awa ɗaya ce kawai. Tashi mu je."

"A ba shi makullin! A ba shi! Na shaida, babu zakara a ƙasar nan duka!"

Ya mayar da kai ya yi barci, da minshari, har la'asar. Da ya farka ya ce rabonsa da barci irin wannan tun yana yaron shago.

A hanyar komawa na ja baya har muka jera da Baba mu biyu. Na ce, "Baba Ladan, ni ne."

"Na sani. Tun ranar na gan ka. Wa ke ɓuya da igiyar awo ruwan ɗorawa a wuya?"

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa su kore ka daga layi, in rasa tagar bugawa? Ungo." Ya miƙo mini buta da jaka. "Daga yau kai ne mai ɗauka. Zakaranka ya ci, sai ka biya da kafaɗa."

Washegari da asuba sahu ya cika har waje, don Liman ya yi magana, Alhaji Seidu kuma ya bi bes-bes yana ba da labari kamar shi ya gano kogin. Tukunyar Mma Adiza ta ƙare kafin bakwai. Ni kuwa ina kwance ido biyu, ina jira. Sai na ji ƙwanƙwan-ƙwanƙwan, da ƙarfin da ban taɓa ji ba, har ƙusar taga ta fita.

Asabar ta gaba mu biyar muka fita. Wata ta zagayo muka zama goma sha biyu. Aka kai lokacin da tsofaffin layinmu ke cika trotro guda, direba ya zo har bakin famfo ya ɗauke mu, amma Baba ya ƙi, ya ce wannan ya zama motar gida, a je tasha a bi layi kamar kowa. Mun je Achimota, masu coci suna addu'arsu a gefe muna wucewa muna gaisawa. Mun je tafkin Sakumono. Mun hau dutsen Aburi, Alhaji Seidu ya rantse ba zai ƙara ba, ya kuma ƙara. Likitansa ma ya tambaye shi wane magani ya canja. Mma Adiza ce kaɗai ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce ruwan da take gani a wanki ya ishe ta.

Shekara goma sha tara na ɗauki butar nan. Ban taɓa cewa ta yi nauyi ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba.

Da ƙafa ta ƙi, ya daina fita, sai ya riƙa aikena ni kaɗai. In na dawo zan tarar da shi a kan tabarma yana jira. "Baƙin sun iso? Su nawa? Ka gaishe su ko ka tsaya kallo kamar ɗan birni?" Wata rana, makonni kaɗan kafin rasuwarsa, na ce masa ina so in tashi a masallaci in faɗa wa jama'a gaskiya. Ya kama hannuna. Hannun ya zama kamar kara.

"Ba yanzu ba. Salla ta kusa, za su kwashe ɗinkinsu. Ka bari sai na tafi, sannan ka faɗa, ka faɗa da kyau. Kuma ka fara da Adiza, ita ce ta zauna gaban tukunya."

Shekaranjiya na je na durƙusa gabanta na faɗa mata. Ta ce, "Salifu, ai tun shekarar ya gaya mini, ya ce in na nuna maka a fuska bai yafe ba. Ka san sau nawa na zuba maka koko ina so in zuba maka a ka?" Muka yi dariya, sannan muka yi kuka.

To jama'a, ga shi na faɗa. Babu zakara, ba a taɓa yin zakara ba. Wanda ya ɗauki maganar nan ya kai gaba, nauyin a wuyana yake, ku yafe mini.

Ya Allah, na tona wa bawanka asiri a kan abin da bai yi ba, shi kuma ya rufa mini a kan abin da na yi. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Mma Adiza haƙuri, Ka zaunar da shi a inuwa, bakin ruwa mai tsabta. Amin.